Wace irin sandar kiɗa ta dace da wanda ya fara koyon ganguna?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Makonni 3 ke nan da na fara koyon kaɗa jerin gangunan zamani, kuma ina amfani ne da sandunan da suka zo a cikin kwalin gangunan, waɗanda babu suna ko lamba a jikinsu. Jiya ɗaya daga ciki ta tsage daga wuya, ga shi kuma bororo ya fito mini a gefen manuniyar hannun dama. Da na tashi neman wasu sai na tarar da lambobi iri-iri, 7A da 5A da 5B da 2B, wasu kansu na itace, wasu na nailan, har na rasa wadda zan kama. Tafin hannuna ba shi da girma sosai, kuma yawancin atisayena a kan faifan roba nake yi a cikin ɗaki. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan fanni su faɗa mini wadda ta dace in fara da ita, tare da dalili.

Malam_Tanimu:
Wa alaikumus salam. Barka da shigowa, ɗan'uwa. Abu na farko da ya kamata ka gane shi ne lambar tana nuna kauri ne, amma a juye, wato duk lokacin da lamba ta yi ƙasa, sanda ta ƙara kauri. Saboda haka 7A ita ce siririya a cikin waɗanda ka lissafa, 5A matsakaiciya, 5B ta ɗan ɗara ta, 2B kuma ita ce mai kauri da nauyi. Idan muka ɗauki awon kamfanin Vic Firth a matsayin misali, 5A tana da tsawon inci 16 da kaurin inci 0.565, wato kimanin milimita 14 da ɗoriya, 5B tsawonsu ɗaya amma kaurinta inci 0.595 ne, 7A kuwa inci 15.5 ce a tsawo, 0.540 a kauri, sannan 2B ta kai 0.630. A takarda bambancin kamar ba komai ba ne, kimanin milimita ɗaya ko biyu ne kawai, amma hannu yana jin sa tun daga bugun farko.

Shawarata ita ce ka fara da 5A ta itacen hikori mai kan itace. Ba don ta fi sauran kyau ba, sai don ita ce a tsakiya. Idan ka yi wata biyu ko uku da ita, hannunka da kansa zai gaya maka ko abin da ya fi ta nauyi yake so ko wanda bai kai ta ba. Wanda ya fara daga gefe ɗaya, ko siririya ƙwarai ko mai kauri ƙwarai, ba shi da ma'aunin da zai gwada sauran da shi.

Dogo82:
Tunda ya ce hannunsa ƙarami ne, ni ina ganin 7A ce ta fi dacewa da shi. Ba ta da nauyi, ba za ta gajiyar da shi ba, kuma a cikin ɗaki ba za ta cika wa mutanen gida kunne ba.

Ladidi_R:
Dogo82, ka yi haƙuri, a nan ban yarda da kai ba, kuma daga abin da ya same ni nake magana. Ni ma hannuna ƙarami ne, kuma da irin wannan shawarar na fara da 7A. Abin da ya faru shi ne, saboda sandar siririya ce, sai na riƙa jin kamar za ta kufce mini, na dinga matse ta da babban yatsa da manuniya har farcen babban yatsana ya riƙa yin fari. Bayan minti 20 sai in ji wata jijiya tana ja tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Ranar da malamina ya miƙo mini 5B na ɗauka ba zan iya da ita ba, amma sai na ga yatsuna sun kwanta a kanta ba tare da na matsa ba, kuma nauyinta ne yake yi mini rabin aikin. Ƙanƙantar hannu ba ita ke nuna a nemi siririyar sanda ba. Abin dubawa shi ne wace sanda ce ke barin hannun mutum ya saki jiki.

Sabon_Hannu, wannan bororon da ka ambata ma ina kyautata zaton daga matsewa ya zo. Ka duba ko bayan atisaye kana ganin shatin sandar a jikin yatsanka.

Dogo82:
Na fahimce ki, Malama Ladidi. Sai dai ni shekara 6 ke nan ina kiɗa da 7A kuma ban taɓa samun wannan matsalar ba. Kiɗan da nake yi mai sanyi ne, a ƙananan wurare, inda ƙara take zama laifi. Wataƙila abin ya danganta da irin kiɗan da yake son ya koya, wanda har yanzu bai faɗa mana ba.

Garba_Kafinta:
Ni ba gwanin kiɗa ba ne, ɗana ne yake koyo, amma itace sana'ata ce, don haka bari in yi magana a kan abin da na sani. Itatuwa uku aka fi yin waɗannan sanduna da su. Hikori, wanda ke fitowa a Arewacin Amurka, shi ne itacen da aka daɗe ana yin ƙotar gatari da ta guduma da shi, saboda yana shanye girgiza kafin ta kai ga hannu, kuma yana ɗan lanƙwasawa kafin ya karye. Wannan dalilin ne ya sa ya mamaye sandunan kiɗa. Mapul ya fi shi rashin nauyi, shi ya sa ake iya yin sanda mai kauri da shi ba tare da ta yi nauyi ba, amma yana saurin cinyewa idan ana dukan ƙarfe da shi. Na uku shi ne ok, musamman farin ok na Japan da kamfanin Promark ya shahara da shi. Yana da tauri da nauyi, yana daɗewa, amma girgizar da bai shanye ba hannunka ne zai shanye ta.

Game da sandar da ta tsage maka, ɗauko ta ka dubi layukan jikin itacen. Idan layukan sun miƙe tun daga gindi har kai, itacen an yanke shi daidai. Idan kuwa sun karkace sun fita ta gefe a wajen wuya, to tun daga wurin yanka aka yi kuskure, kuma ko wane ne ya riƙe ta a nan za ta tsage. Sandunan da ake cusawa a kwali a matsayin kyauta ba kasafai ake tantance su ba. Na ɗana ma haka suka zo, ɗaya ta fi 'yar'uwarta nauyi ƙwarai, har ana jin bambancin da an ɗora su a tafin hannu.

Sabon_Hannu:
Baba Garba, na duba, kuma yadda ka faɗa haka yake, tsagewar ta bi layin da ya karkace ne. Malama Ladidi, shatin sandar yana fitowa a yatsana sosai. Amsar tambayar Dogo82 kuwa, ban tsayar da irin kiɗan da zan bi ba tukuna, a yanzu bugun ɗaya-ɗaya da bibbiyu nake koyo a kan faifan roba. Har yanzu dai ban gane ma'anar harafin A da B ba.

Kabiru_Sauti:
Haruffan tsohon tsari ne da ya samo asali daga masu ƙera ganguna na Amurka tun farkon ƙarni na 20. B na nufin sandar da aka yi wa ƙungiyar masu bushe-bushe, A ta ƙungiyar okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa masu kayan kiɗa iri-iri, da kiɗan da ba ya son ƙara da yawa, akwai kuma S wadda aka yi wa masu fareti a titi, ita ce mafi girma. A yau ma'anar ta shuɗe, abin da ya rage kawai shi ne B ta fi A kauri idan lambarsu ɗaya. Akwai kuma abin da zan ƙara a kan bayanin Malam Tanimu, wato babu wata doka da ta ɗaure kamfanoni a kan awo ɗaya. 5A ta Vic Firth da ta Promark da ta Vater duk sunansu ɗaya, amma za ka iya samun bambanci a kauri, da tsawo, da siffar kai. Kada ka ɗauka lambar ta gama magana.

Ishaya_B:
Ni malamin da ya koya mini bai bar ni na taɓa 5A ba sai da na shekara. Da 2B ya sa ni atisaye a kan faifan roba, da hujjar cewa sanda mai nauyi tana gina wuyan hannu, kuma tana tsalle ta dawo da kanta ta yadda ɗalibi zai ji abin da ake nufi da barin sanda ta yi aiki. Har yau ina gode masa, domin da na koma 5A sai na ji ta kamar gashin tsuntsu. Tunda Sabon_Hannu a kan roba yake yawancin aikinsa, ni 2B zan ba shi, ko kuma SD1 ta Vic Firth, wadda aka yi da mapul, mai kauri da zagayayyen kai, wadda malaman ƙaramar ganga da yawa suke fara ɗalibai da ita.

Malam_Tanimu:
Malam Ishaya, na san wannan hanyar, kuma na ga waɗanda ta yi wa amfani, amma ina da ja a kanta. Shekaruna na koyarwa sun nuna mini cewa ɗalibin da riƙonsa bai zauna ba, idan aka ba shi sanda mai nauyi ba tare da malami yana kallon hannunsa ba, yakan koma bugu da dantse gaba ɗaya maimakon wuyan hannu da yatsu. Kai kana da malami a gefe yana gyara maka, wannan ɗan'uwa kuwa bai ce mana yana da shi ba, ga kuma alamar matsewa ta riga ta bayyana a hannunsa. Kiɗan ganga ba ƙarfi yake nema ba kamar yadda mutane suke zato. Yaro ɗan shekara 10 yana iya fitar da sauti mai cika ɗaki idan ya bar sandar ta faɗi ta dawo. Dalili na biyu shi ne, hannu yana haddace nauyin abin da ya saba da shi. Idan atisaye da wata sanda ake yi, kiɗa kuma da wata, to kullum sai an ɓata mintuna ana sake sabo. Ga wanda ya ƙware wannan ba komai ba ne, amma ga sabon hannu ƙarin wahala ne.

Inda na yarda da kai shi ne batun SD1. Tana da kauri amma ba ta da nauyin 2B ta hikori, don haka tana cika hannu ba tare da ta gajiyar da shi ba. Sai dai a kan faifan roba da ƙaramar ganga ta fi kyau. Idan ya hau cikakken jeri ya fara dukan faifan tagulla da ita, ba za ta daɗe ba.

Hajara_M:
Ba wanda ya taɓa batun kan sanda, alhali yana cikin tambayar. Kan nailan wani makaɗi ne mai suna Joe Calato ya fito da shi a Amurka, a 1958, da kamfaninsa Regal Tip, saboda ya gaji da yadda kan itace ke ɓarewa alhali sauran jikin sandar lafiya lau. Amfaninsa shi ne ba ya ɓarewa, kuma yana ba da sauti mai kaifi a kan faifan tagulla, wanda ake kira simbal. Kan itace sautinsa ya fi taushi da zurfi, amma da zarar ya ɓare sautin simbal ya dushe, kuma gefen da ya ɓare yana iya yi wa fatar ganga rami. A kan faifan roba kuwa kusan ba za ka ji bambanci tsakaninsu ba.

Siffar kan ma tana da tasiri, domin faɗin wurin da ke taɓa fata shi ke canza sauti. Zagayayyen kai yana ba da sauti iri ɗaya ko ta yaya ka karkata sandar, mai siffar ɗigon ruwa kuwa sautinsa yana canzawa gwargwadon yadda ka kwantar da hannu. Amma gaskiya a mako na uku wannan ba abin da zai hana ka barci ba ne.

Kabiru_Sauti:
Malama Hajara ta yi bayani mai kyau, amma a faɗi aibin nailan ma. A kan sanduna marasa inganci kan yana iya cirewa ya yi tsalle a tsakiyar kiɗa. Ya taɓa faruwa da ni, ban lura ba na ci gaba da bugu da tsinin itacen da ya rage, kafin in ankara na yi wa sabuwar fata ramuka 4. Tun daga ranar nake murɗa kan da yatsa kafin in fara, in tabbatar bai yi sako-sako ba.

Uwar_Amir:
Ku gafarce ni in shigo da tawa tambayar, tunda ta yi kusa da wannan. Ɗana shekararsa 6, kuma gangunan lantarki muke da su, masu fatar raga. Shin sandunan manya zai riƙe, kuma gaskiya ne cewa kan itace yana lalata ragar?

Hajara_M:
Maman Amir, akwai sandunan yara da tsawonsu yake wajen inci 13, kuma a shekarunsa su suka fi dacewa, domin matsalar yaro tsawo ce fiye da kauri. Sanda mai inci 16 a hannun ɗan shekara 6 tana rinjayarsa ta gaba, sai ya riƙe ta a tsakiya, ya saba da riƙon da zai yi wuyar gyarawa daga baya. Game da raga, kan itace mai santsi ba ya yi mata komai. Wanda ya ɓare ko ya yi kaushi shi ne ke kama zaren ragar ya ja shi. Shi ya sa mutane da yawa suke zaɓar nailan a nan, ko kuma su ware sanduna na musamman waɗanda ba a taɓa dukan ƙarfe da su ba.

Ladidi_R:
Bari in dawo da mu kan Sabon_Hannu, domin akwai abin da nake ganin ya fi lamba muhimmanci, wato yadda zai zaɓi guda biyun da zai tafi da su. Idan kana da halin taɓa sandunan kafin ka saya, ka mirgina kowace a kan tebur mai santsi kana kallon kanta. Idan kan yana rawa sama da ƙasa, sandar ta karkace, ka ajiye ta. Bayan haka ka riƙe kowace sako-sako kusa da kunnenka ka ƙwanƙwasa ta da farce, ko ka buga su ɗaya bayan ɗaya a kan katako. Ya kamata muryarsu ta zo ɗaya ko kusa da haka. Idan ɗaya tana da siririyar murya ɗaya kuma mai kauri, to za ka yi ta zargin hannunka na hagu da rashin daidaito alhali laifin na sanda ne. Shi kansa Vic Firth, wanda ya yi shekaru da dama yana kaɗa manyan gangunan timfani a okestirar birnin Boston kafin da bayan ya kafa kamfaninsa a 1963, da wannan ya yi suna, wato haɗa sanduna biyu masu nauyi ɗaya da murya ɗaya. Manyan kamfanoni yanzu suna yin wannan tantancewar tun daga masana'anta, shi ya sa ba a son a raba biyun da aka ɗaure tare.

Sannan ka nemi wurin riƙo. Ka ɗora sandar tsakanin babban yatsa da gaɓar farko ta manuniya, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gindi, ka sake ta ta faɗi a kan faifan roba, ka ƙirga sau nawa ta yi tsalle. Ka matsa gaba kaɗan, ka matsa baya kaɗan, inda ta fi yawan tsalle nan ne mazaunin yatsunka. Ni har ɗan layi na ja da fensir a wurin a watannin farko.

Garba_Kafinta:
Ƙarin bayani kaɗan a kan abin da Malama Ladidi ta faɗa. Itace yana shan danshi yana kuma bushewa, saboda haka sandar da ta miƙe yau tana iya karkacewa idan aka bar ta a rana, ko a cikin mota mai zafi, ko a jingine a bango mai laima. A kwance ake ajiye su, a inuwa. Akwai kuma batun man sheƙin da ake shafa musu. Mai gumin hannu yakan ji mai sheƙi tana zamewa, mai busasshen hannu kuma yakan ji marar sheƙi tana zamewa. Ɗana mai gumi ne, sai na ɗan goge masa wurin riƙon da takardar yashi mai laushi, kuma tun daga nan ya rage matsewa.

Ishaya_B:
Malam Tanimu, na karɓi gyaranka a kan batun malami, domin gaskiya ne nawa yana tsaye a kaina. Amma har yanzu ina ganin sanda mai ɗan kauri ta fi koya wa sabon hannu sakin jiki, kuma labarin Malama Ladidi ma shaida ne a kan haka. Idan 2B ta yi yawa, to 5B ce tsakiyar da ni zan nuna masa, ba 5A ba. Wani abin kuma da ba a ambata ba shi ne wuyan sanda, wato inda take sirancewa zuwa kai. Mai dogon wuya ta fi saurin dawowa amma ta fi saurin karyewa, mai gajeren wuya nauyinta yana gaba, ta fi ƙarfi da juriya. Sababbin makaɗa suna yawan saran gefen simbal da wuyan sanda kai tsaye, kamar mai sara da adda, wannan kuwa yana cinye kowace irin sanda, har ma ya fasa simbal ɗin. A ɗan karkatar da simbal zuwa wajen mai kiɗa, a riƙa shafar sa ta gefe.

Sabon_Hannu:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau na samu na riƙe 7A da 5A da 5B na hikori a wurin wani abokina da ya daɗe yana kiɗa, na gwada kowace na minti 10 a kan faifan roba kamar yadda Malama Ladidi ta kwatanta. 7A ta yi mini daɗi a farko, amma na kama kaina ina matse ta. 5B ta fi kwanciya a hannun dama, sai dai hannun hagu ya gaji da wuri, bugun bibbiyu kuma ya riƙa fita ba daidai ba. 5A ba ta ba ni wani mamaki ba, amma da ita hannayen biyu suka fi kusa da juna. Yanzu ban sani ba ko gajiyar hagun alama ce cewa 5B ta fi ƙarfina, ko kuwa alama ce cewa hagun ne yake bukatar aiki.

Malam_Tanimu:
Ya danganta da inda ka ji gajiyar. Idan a naman dantse ne, irin gajiyar da ke wucewa bayan ɗan hutu, to hagun ne bai saba ba, kuma da kowace sanda sai ka bi ta wannan hanyar. Idan kuwa zafi ne mai suka a cikin wuyan hannu ko a gindin babban yatsa, ka dakata, kada ka yi atisaye a kansa, kuma idan ya ƙi tafiya ka nemi likita ya duba. A ina ka ji shi, kuma bayan minti nawa ya fara?

Dogo82:
Ina so in ji amsar wannan ni ma. Kuma ka faɗa mana ko 7A ɗin da ka gwada mai sheƙi ce, domin idan zamewa take yi, wataƙila ba sirantarta ce ta sa ka matse ta ba.